Amon Dutse

Mutum na huɗu ke nan da malamar asibitin kamfanin haƙar ma'adinai take yi wa ɗinki cikin wata guda, kuma duka huɗun daga rami na bakwai suka fito. Ɗaya dutse ya tsaga masa kafaɗa, wani kuma ya tafi masa da yatsa. Yau abin ya zo kan Baba Mai Sanda da kansa.

Shekara talatin da ɗaya yana shiga ƙasa, kuma aikinsa ɗaya ne. Kafin kowa ya taka sabon lungu, shi ke wucewa gaba da doguwar sandar ƙarfe yana bubbuga rufin. In dutsen ya yi amo garau, sai ya ɗaga hannu a shigo. In ya yi dum kamar tulun da ba ruwa, sai a ja baya a kafa ginshiƙai. Ma'aikata sukan ce sun fi yarda da sandarsa a kan duk na'urorin kamfani. Mijin malamar, mai riƙe injin huda dutse, ya fi kowa faɗin haka.

Ta wanke wa Baba raunin da ke bayan hannunsa, ta fara ɗinki. Ya kafa mata ido a fuska har ta ji kunya.

"Baba, wai me ke faruwa a bakwai ne?"

"Ƙasa ce, 'yata," ya ce da ƙarfi, irin maganar waɗanda suka tsufa cikin ƙarar injuna. "Wani lokaci takan tashi da fushi."

Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu har ta gaji, bai ko taɓa ta ba. Malamar ta ce a ranta, dattijo ke nan, ba ya katse mai yi masa aiki.

Ta juya wajen kabad tana neman maganin rage zafi. "Da ka huta yau, Baba. Zan rubuta maka kwana uku."

Ko da ta waiwayo, har ya ɗora hular kwanonsa ya kai bakin ƙofa. Sau biyu ta kira shi, bai juyo ba. Ta san halin tsofaffin rami: ka ce musu hutu, kamar ka zage su ne.

Ta tsaya a taga. Yau za a buɗe sabon lungu a can ƙasan bakwai, inda ruwa ya daɗe yana tsattsafowa ta cikin duwatsu. Mutum goma sha huɗu suka shiga kejin da ke sauke su. Mijinta ya hango ta, ya shafa ciki yana marairaice fuska, wai tun yanzu yunwa ta kama shi. Ta yi ƙoƙarin murmushi. Baba ya shiga na ƙarshe, sanda a hannun da ba bandeji.

Aka ja ƙofa. Igiyar ƙarfen ta yi ta warwarewa, ta yi ta warwarewa, sannan ta tsaya.

Ta koma tana tattara auduga mai jini. Can sai ga matar Baba ta faɗo ɗakin tana haki, mayafi a hannu.

"An ce ya ji ciwo! Ina yake?"

"Kwantar da hankalinki, Inna, ɗinki biyar ne kawai. Ya sauka rami. Na ce ya huta, ko amsa ni bai yi ba."

"Kina kallonsa kika faɗa?"

"A'a, ina ɗauko magani ne."

Tsohuwar ta zauna a bakin gado, ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Ki rufa mana asiri, 'yata, wata takwas ya rage masa ya yi ritaya. Bakin mutum yake kallo ya gane magana. Tun fashewar nakiyar bara waccan, ko tsawa ba ya ji."