Ƙasar Gini Sai Ta Kwana

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya ci gonarmu, na dawo hutu daga makaranta a Talata Mafara. Da la'asar na tarar da Baba cikin laka har gwiwa, yana kwaɓa ƙasar sabon ɗakinmu. A makaranta malamin kimiyya ya ce mana mu da birai tushenmu ɗaya can da nisa, ni kuma na ƙara gishiri don ƙannena su yi dariya.

"Baba, ashe kakanka biri ne, har da wutsiya!"

Ba wanda ya yi dariya. Kawu da ke tsaye a gefe ya ce boko ya kafirta ni, a cire ni daga makaranta.

Gajiya ta hana Baba fushi. Ya ce, "Da mi Alƙur'ani yac ce an yi mu?"

"Da ƙasa."

"To, ƙasar ginin ga ma sai ta kwana kahin ta zama tubali. Yadda Allah ya bar tashi ta kwana, ban sani ba, kawunka bai sani ba. Miƙo ruwa."

Yau na yi furfura, ban samu amsar da ta fi wannan ba. Hutu na ƙarewa, Baba ya mayar da ni makaranta a kan kekensa.