Gauɗen da Ya Ƙi Lambu

An yi wani tsoho mai lambu a bakin fadama, wanda ake cewa ko muciya ya kafa sai ta yi toho. Matarsa 'yar kan tudu ce. Da idonta ya mutu, ƙafa kuma ta yi nauyi, abu ɗaya ta roƙe shi: ta sake jin ƙanshin furen gauɗe kafin ta koma ga Mahaliccinta. Gauɗe dai ɗan guntun itacen daji ne mai karkatattun rassa, wanda ke riga sauran itatuwa fure a tsakiyar bazara, tun ƙasa ba ta ga ɗigon ruwa ba.

Ya je ya tsinko mata cikin hularsa. Tafiyar rabin yini ce. Kafin ya iso, farin furen ya koma rawaya, ƙanshin ya bi rana. Sai ya koma ya haƙo ƙaramin gindi da saiwarsa, ya dasa tsakanin albasa da tattasai. Ya zuba masa takin tumaki, ya kewaye shi da shinge, safe da yamma shi yake fara shayarwa. Gauɗe ya yi ganye shar. Bazara biyu ba fure ko ɗaya. A ta uku saiwar ta ruɓe.

Matar ta shafa busasshen reshen, ta yi murmushi. "Malam, da gata ka kashe shi. Tsakuwa yake so, da ƙishirwa, da wutar daji ta ɗan lashe shi. Ba albasa ba ne."

"Ke da na ciro daga tudun shekara hamsin, ai ba ki ruɓe ba."

"Ban kuma daina tambayar gauɗe ba," in ji ta.

Washegari da sassafe ya shimfiɗa wa jaki tsofaffin zannuwa, ya ɗora ta, ya riƙe igiya. Duk inuwar da suka tarar sai sun huta. Can wajen la'asar, shi mai idon bai hango komai ba tukuna, ta ɗaga kai ta ja numfashi ta ce, "Tsaya. Mun iso."

Ba ta ga wata bazarar ba. Shi kuwa tsohon, duk wanda ya tambaye shi abin da shekara uku na ban ruwa suka koya masa, amsarsa ɗaya ce: zuwa da kai ya fi aike.