Jajen Littafin Malam Marubuci

Tun da aka halicci duniya ba a taɓa zaluntar bawan Allah kamar yadda rumbun kwamfuta ya zalunci Malam Marubuci ba. Haka ya faɗa wa mai shagon ƙasan bene, da mai wankin mota, har da kyanwar maƙwabta. Littafin da ya yi shekaru yana rubutawa, wanda zai sa manyan marubuta su ajiye alƙalami su koma sayar da gawayi, ya maƙale cikin ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba. In an kunna sai ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru.

Tun da matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse garuruwan aiki, littafin nan ne abokin zamansa. In an ce ba a ganin baƙi a gidansa, sai ya gyara tabarau ya ce shi ya hana, rubutu ba ya son hayaniya. Kujerar baƙi kuwa ƙura ta ɗinka mata riga.

Da labarin asarar ya bazu, sai ga masu jaje har da waɗanda ya ɗauka sun mutu. Autarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda ta gaji da roƙon ya turo mata ko babi ɗaya ta karanta, ta ɗauki hutu ta zo. Ba ta tsaya jimami ba, ta sa shi gaba sai wajen ƙwararru.

Ɗaki ne na gilashi, ma'aikata cikin fararen riguna da safar hannu. Babbansu ya kara rumbun a kunne, ya ce faɗuwa ya yi, allurar da ke karantawa ce ta maƙale, amma faifan ciki lafiya lau. Sharaɗi ɗaya: kada a kuskura a buɗe shi a gida, ƙwayar ƙura ta isa ta kashe komai.

"Komai da komai zai fito?" in ji Malam.

"Har waƙafi, Baba."

Malam ya sa rumbun a aljihu, ya ce zai yi shawara.

A gida ya buɗe sabon babin ƙorafi. Wai masu gyara sun sa kayan likitoci don su yanke aljihun bayin Allah, alhali shi da hannunsa ya taɓa tada rediyon da kowa ya yi wa sallar gawa. Auta ta durƙusa ta ce, "Baba, don girman Allah ka bar wa masu abu abinsu, ni zan biya." Ya yi mata alkawari.

Tana fita cefane ya buɗe taga, ya kunna fanka, ya ɗauko sukudireba ya kwance rumbun. Faifan ya bayyana yana ƙyalli kamar madubi. Ya dangwala masa babban yatsa, ya hura, sannan ya goge shi tas da bakin riga.

Auta ta dawo, ledar cefane ta suɓuce mata. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, ta ce za ta ƙara hutu, ba ta barin sa shi kaɗai da wannan baƙin ciki. Ya dafa kanta ya ce ƙaddara ta riga fata.

Ta ba shi tausayi, amma ya zai yi? Ai ba don a gyara ba ya ture kwamfutar daga tebur da gwiwar hannu, alhali duk abin da ya rubuta bai wuce sunan littafin da na marubucin ba.