Waƙar da Baba Ya Ba Ni Na Sha

A littattafai, marubucin waƙa ba ya jin tsoron kowa. Ni kuwa na ga ranar da Baba ya ji tsoro.

Bayan la'asar ne, a zaurenmu na Hausari a Potiskum, shekarar da Turawa suke kwasar maza zuwa haƙar kuza. An tafi da ƙanin Baba, shi ya sa Baba ya rubuta wa Turawan waƙa mai zafi da ajami a kan allo. Tawadar ko bushewa ba ta yi ba sai ga sallamar ɗan doka.

Baba ya jawo ƙwarya ya hau wanke allon.

"Malam, an ce kana waƙar zagin hukuma. Me kake wankewa?"

"Rubutun sha ne, ranka ya daɗe. Yarinyar ba ta da lafiya." Ya miƙo mini. "Shanye, uwata."

Ɗan dokan ya kafe ni da ido. Na kafa kai na shanye tas, ɗanɗanon gawayi da ƙaro ya tsaya mini a maƙogwaro.

Baba bai ƙara rubuta waƙa ba. Ga shi na tsufa ban san ko baiti ɗaya a cikinta ba, alhali a cikina aka binne ta.