Marinin da Ya Daina Ganin Shuɗi

Tun da aka kafa rumfar jan haske a bakin kasuwa, tsofaffin unguwa suka jingine sandunansu. Kowace safiya mutum zai zauna ya buɗe ido cikin wani ja mai ɗumi kamar cikin kankana, ya fito yana gani tar.

Ranar nan Malam Ɗanjuma marini ya fito daga rumfar har yana iya ƙirga gashin tattabara a kan rufi. Amma da ya leƙa ramin rininsa, sai ya ga ruwan toka-toka. Ya tsoma yatsa ya ɗanɗana yadda ya saba, ya ji rinin ya nuna sarai. Ya ɗaga kai, sama ma toka ce.

A gida ya tarar da matarsa Asabe ɗaure da shuɗin zanen da ya rina mata na aurensu.

"Malam, ai bai koɗe ba ko?"

Ya tuna gargaɗin ma'aikaciyar rumfa: in ya daina zuwa shuɗi zai dawo, amma fuskoki za su sake dusashewa. Ya daɗe yana kallon fuskarta da rabonsa da ya gan ta sarai shekara bakwai.

"Yana nan yadda yake," in ji shi. "Gobe ki tuna min da wuri, kada layin rumfa ya yi tsawo."