Kwas ɗin Kiwon Zuma na Abu Tamir

Da an gama karin kumallo Abu Tamir yake shiga ɗakin baya, ya rufe ƙofa, ya ƙure muryar wayarsa yadda har kicin za a ji malami yana bayanin sarauniyar zuma. Sai ya tuɓe silifas ya miƙe a doguwar kujera. Kafin malamin ya gama gaisuwa ya fara minshari.

Kwas ɗin na wata shida ne. Yanzu yana shekararsa ta huɗu.

Bayan ya yi ritaya daga aikin duba tikiti a jirgin tarago na cikin birnin Iskandariyya, bawan Allah ya rasa wanda zai duba, sai ya koma duba kicin. Ya jera gwangwanayen matarsa Kausar bisa tsawo, ya manna wa kowanne suna, ya fara leƙa tukunya yana tambayar gishiri. Ana cikin haka 'yarsu Rasha ta zo ta yi masa rajistar karatu ta intanet, uwarta tana tsaye a kanta. Kiwon zuma, ga mutumin da yake zaune a hawa na biyar kuma ƙuda ma ba ya so!

Amma da ya ga ɗalibi yana samun ɗaki nasa shi kaɗai, babu aike, babu gyaran famfo, babu zaman gaisawa da surukai, sai son ilimi ya kama shi. Ya ƙudurta ba zai taɓa gamawa ba.

Allah kuma ya haɗa shi da mutuniyar kirki, Madam Nermin, mai kula da ɗalibai. Bai taɓa jin muryarta ba, don makarantar ba ta ɗaukar waya, saƙo kawai. Ita take turo darussa. Duk ƙarshen zango ya rubuta mata ƙarya, ita kuma ta ƙara masa lokaci bayan azahar, daidai sa'ar da ake gama wanke-wanke a gidajen mutane. Akwai ranar da ta yi masa sannu da ciwon baya kafin ya ambata. Aikin gwajinta ma mai sauƙi ne: ya fita da yamma ya zaga lambu yana nazarin furanni, ya dawo da kwalbar zuma mai kyau don ɗanɗano.

Kausar kan tambaye shi, tana ajiyar zuciya, "Abu Tamir, yaushe dai za ka gama?"

"Ilimi ba dafa ƙwai ba ne, Ummu Tamir," in ji shi. Har tausayinta yake ji.

Matsala ta shigo ranar Juma'a, tare da yayansa Alhaji Shauki, wanda tun suna yara ba a yi masa musu. Ya cinye miyar lalo da shinkafa, ya goge baki, ya ce ɗansa ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, kuma a ɗakin baya zai sauka.

"Yaya, ai ɗakin karatuna ne."

"Karatun me? Yaron nan ya yi digiri sukutum a waya, ya gama, kai kana nan da ƙudajenka. Ina zumar? Ko cokali ɗaya nuna min."

"Muna zangon ƙarshe," in ji Abu Tamir. Nan take ya yi da-na-sani, don gaskiya ce. Makon jiya Madam Nermin ta rubuto cewa haƙurin makaranta ya kusa ƙarewa, ranar da ya ƙi raka Kausar kasuwar kifi saboda wai yana bita.

"Madalla, ƙarshen wata ke nan. Ba ni lambar makarantar in ji da kunnena."

Abu Tamir ya yi saurin lissafi. Ba ɗakin kaɗai zai tafi ba. In Madam Nermin ta buɗe baki, za a ji cewa ko jarrabawa ɗaya bai taɓa rubutawa ba, a gaban yayansa, a gaban matarsa. Ya miƙa masa lambar.

Alhaji Shauki ya danna kira. Falo ya yi tsit. Can daga kicin wani abu ya yi ƙugi ƙasa-ƙasa.

"Firij ne," in ji Abu Tamir, don dai ya ce wani abu. "Na sha faɗa a gyara shi."

Kausar ta miƙe ta ce bari ta kawo shayi.

Ba a ɗauka ba. Shauki ya sake kira, aka kashe. Yana shirin buɗe baki sai saƙo ya shigo wayar Abu Tamir, ya karanta a bayyane, muryarsa tana ƙara ƙarfi da kowane layi. Saboda ƙwazonsa, makaranta ta ɗaga shi zuwa babbar difloma, shekara uku. Kuma doka ce ɗalibin wannan mataki ya kasance da ɗakinsa shi kaɗai, ba a kwana a ciki, ba a ajiye kayan baƙo.

Alhaji Shauki ko shayin bai tsaya sha ba.

Abu Tamir ya leƙa kicin yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. "Sai haƙuri, Ummu Tamir. Sun ƙi sakina."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa, ran nan har da sakata, yana jinjina wa kansa yadda ya yi wa gari guda wayo.

Kausar ta jira har minsharin ya daidaita. Ta sauko da gwangwanin da ya rubuta wa WAKE da hannunsa, ta zaro 'yar tsohuwar waya daga ciki, ta lalubo bidiyon zuma mafi tsawo da ke yawo kyauta a intanet. Madam Nermin ta tura wa ɗalibinta tilo darasin gobe, sannan ta ɗora kofi ta leƙa taga ta kira maƙwabta hira.