Na Amince

Inna na kan benci a ɗakin taron 'yan kasuwa, sai tambaya take ko sakamako ya fito. 'Yarta Auta ta kasa zama. Kwanaki ta yi tana bi rumfa-rumfa da wayarta, tana shigar wa 'yan kasuwa ra'ayinsu a shafin gwamnati: kada a tashi kasuwar.

"Kwantar da hankalinki, Inna," in ji mai nama. "'Yar jami'a fa ta danna mana!"

Shugaban kasuwa ya karanto sakamako: kusan kowa ya goyi bayan tashin.

Wuri ya kaure. "Auta, duba mana, ƙarya suke ko?" in ji Inna.

Ta duba. "Na amince" ɗin farko, wanda ta riƙa dannawa kamar kullum don ta wuce gaba, ashe ba sharuɗɗan shafin ba ne. Shi ne amsar tambayar ko a tashi kasuwar.

Ta sulale ta ƙofar baya.